Zaure ko Ɗakin Baƙi: Inda Muka Ajiye Hausa a Shafinmu

Mu uku ne a ɗan ofishin da muka kama haya a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi: ni, da abokin aikina wanda muka yi jami'a tare, da wani matashi mai sana'ar gina shafukan intanet da muke kira Injiniya, ko da yake ilimin tattalin arziki ya karanta. Wata shida muka yi muna shirin buɗe shafin da zai riƙa kawo labaran manoman shinkafa da masunta na kwarin Rima, tun daga Augie da Argungu, a biyo ta Birnin Kebbi har Bunza. Mun gama gardama a kan suna, mun gama a kan launi, mun raba aiki. Injiniya ya buɗe kwamfutarsa zai fara ɗora kaya, sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, Hausar a ina zan sa ta?"

Abokin aikina bai ko ɗauke ido daga wayarsa ba ya ce a sa ta ko'ina, ai duk shafi ɗaya ne. Ni kuwa sai na ji gabana ya faɗi. Na ce a dakata tukuna. Tambayar da Injiniya ya ɗauka ta minti biyu ce, sai da ta cinye mana mako uku, har ta kusa shiga tsakanina da abokin shekara goma sha biyar.

Bari in fara da bayyana abin da yake tambaya, domin yawancinmu muna latsa adireshin intanet sau da yawa a yini ba mu taɓa tsayawa mun karanta shi ba. Adireshi kashi biyu ne, kuma karan nan mai jirkice shi ne iyakarsu. Abin da ya gabaci karan shi ne sunan gidan, wanda masu sana'ar ke kira domen. Abin da ya biyo bayansa kuwa hanya ce ta cikin gida, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Sunan gidan daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar ajami. Ɗauki kebbistate.gov.ng: ng ita ce Nijeriya, gov unguwar hukumomin gwamnati ce, kebbistate kuma gidan da kansa. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da kundin sunayen da suka ƙare da ng, kamar yadda na Nijar ke ƙarewa da ne. Ba a sayen suna a mallake shi har abada. Haya ake biya shekara-shekara, kuma ranar da ka daina biya, bayan ɗan wa'adi, wani na iya zuwa ya ɗauka.

To, mai harshe biyu a shafi ɗaya yana da zaɓi. Yana iya ba Hausa ɗaki a cikin gida, adireshinta ya zama sunan gidan, sai kara, sai kalmar hausa. Yana iya yanka mata fili a gefe, ya sa kalmar a gaban sunan gidan da ɗigo a tsakani, kamar yadda maigida kan ja katanga ya fitar wa babban ɗansa sashe mai ƙofarsa daban. Yana kuma iya kama mata gida nata na kanta da suna daban. A ido, bambancin ɗigo ne da kara. A ƙarƙashi kuwa magana ce babba. Ɗakin cikin gida, a bisa al'ada, yana zaune ne a kan kwamfutar da ke ɗauke da sauran gidan, wato saba, da manhaja ɗaya da makulli ɗaya: in an yi wa gidan yaɓe an yi masa, in gidan ya rushe ya tafi da shi. Sashen gefe kuwa suna kawai ya ara. Ana iya ɗora shi a kan wata saba a wata ƙasa, da wata manhaja, a hannun wasu ma'aikata, har shekara ta zagayo mutanen babban gida ba su leƙa shi ba. Wannan shi ne 'yancinsa, kuma nan haɗarinsa yake.

Akwai tsohuwar muhawara a tsakanin masu sana'ar kan wanne ne Google ya fi fifitawa a sakamakon bincike. Jami'an kamfanin sun sha faɗin cewa duk ɗaya ne a wurinsu, masu tallata shafuka da yawa kuma sun nace cewa ɗakin cikin gida yana cin albarkacin sunan da gidan ya riga ya yi. Ban daɗe a kan wannan ba, domin ba Google ne ya sa gabana faɗuwa ba.

Da daddare na ɗauki takarda na jera kafafen da nake karantawa kullum, in ga inda kowacce ta sauke Hausa. BBC, wadda ta fara shirin Hausa a 1957, ɗaki ta ba ta: bbc.com/hausa. DW da RFI ma haka, sai dai su haruffa biyu suka yi amfani da su, ha, alamar da aka ware wa Hausa a tsarin ƙasa da ƙasa na sunayen harsuna, shi ya sa ake ganin dw.com/ha da rfi.fr/ha. Premium Times da Leadership da Legit sashen gefe suka yanka mata: hausa.premiumtimesng.com, hausa.leadership.ng, hausa.legit.ng. Wikipedia ma sashen gefe ne, ha.wikipedia.org, amma ita kowane harshe haka ta yi masa, har Ingilishi da ke zaune a en.wikipedia.org, babu ɗan mowa babu ɗan bora. Muryar Amurka gida ta kama mata, voahausa.com. Aminiya, ta kamfanin Media Trust, ta yi shekaru a gefen Daily Trust kafin ta tare a gidanta, aminiya.ng.

Babu wanda zan zarga a wannan jeri. Kafar da ke watsa labarai da harsuna talatin ko arba'in dole ta jera ɗakuna. Jaridar da aka kafa da Ingilishi, daga baya ta ɗauki mutum huɗu ko biyar su riƙa yi mata Hausa, ta fi samun sauƙi in ta ba su sashensu su ji da shi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A cikin jaridunmu na gida masu harshe biyu da na jera, babu ɗaya da mutum zai rubuta sunan gidan tsurarsa ya tarar da Hausa a zaure. Kullum sai an ce masa ya zaga. Alhali a tarihin jarida a Arewa ba haka aka faro ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma sai a 1948 kamfanin Gaskiya ya fito da ta Ingilishi, Nigerian Citizen, wadda New Nigerian ta gaje ta a 1966. A can Hausa ce yaya. A intanet ne ta koma ƙanwar da ake sauka da ita a ɗakin baƙi.

Kada kuma a ɗauka cewa gida na kanka yana nufin tsira. Sashen Hausa na Muryar Amurka yana da sunansa daban, amma da gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin gidan a watan Maris na 2025, shirye-shiryen suka tsaya cak. Sunan gida bai hana maigida rufe ƙofa.

Yanzu sai in faɗi abin da ya sa na ce a dakata. Daga 2018 zuwa 2022 ni ne wakilin wata jaridar intanet a Jihar Kebbi. Ba ta cikin waɗanda na lissafa a sama, kuma ba zan ambaci sunanta ba. Sashenta na Hausa a gefe yake, a kan wata saba mai arha da wani ma'aikaci ya buɗe da adireshinsa na imel. A nan na zuba aikin shekara huɗu: rikicin bashin noma da ya biyo bayan shirin lamunin manoma da aka ƙaddamar a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, farashin shanshera a lokacin kaka, ambaliyar damunar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a faɗin fadamar jihar. Na shiga kwalekwale, na kwana a makarantun firamare tare da waɗanda ruwa ya kora.

A cikin wannan aiki akwai hira ɗaya da na fi so. A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Duk 'yan jarida sun taru a bakin Matan Fada suna jiran a auna giwan ruwan da zai ci gasa. Ni kuwa washegari na hau babur zuwa wani ƙauye da ke gefen kogin, wurin wani tsohon masunci da aka ba ni labarinsa. Minti arba'in muka yi a ƙarƙashin wata bishiya, wayata tana ɗauka. Ya ba ni labarin yadda ruwa ke zuwa da yadda yake janyewa kafin a datse shi a Bakolori a 1978, sannan a Goronyo a shekarun da suka biyo baya. Ya lissafa mini guraben da ake samun yauni da kurungu, da waɗanda yanzu sai tarwaɗa da ƙarfasa. Ya bayyana mini abin da ake yi wajen fashin ruwa, da abin da Sarkin Ruwa kan hana, da yadda mutum ke kwanciya a kan gora yana riƙe da homa a kowane hannu ba tare da ya kife ba. Yana magana da Kabanci tsantsa, irin wanda nake ji a bakin kakata. Na rubuta hirar, na ɗora ta tare da muryar, na ci gaba da harkokina.

Bayan na bar aikin, jaridar ta sake fasalin shafinta ta koma sabuwar saba. An kwashe duk labaran Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, domin su ne a babban gida. Sashen Hausa babu wanda ya tuna da shi. Ma'aikacin da ya buɗe shi ya daɗe da barin aiki, wa'adin haya ya ƙare, saƙonnin gargaɗi suka riƙa shiga akwatin imel ɗin da ba mai buɗewa. Ban san an yi haka ba sai ranar da wani saurayi ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, Baba ya rasu da damana. Muryarshi nika biɗa, ɗiyanmu su ji." Na yi masa ta'aziyya, na ce ya ba ni minti biyar in turo masa. Na latsa adireshin. Ko lambar nan ta 404 ban samu ba. Ita 404 amsa ce daga gidan da yake nan, yana gaya maka ɗakin da kake nema ne babu. Nan kuwa sallama na yi ta yi babu mai amsawa.

Ba zan ɗora laifin duka a kan jaridar ba. Wayar da na yi ɗaukar da ita ta daɗe da mutuwa, kuma ban taɓa kwafe abin da ke cikinta ba, don na ɗauka abin da ya hau intanet ya zauna ke nan. Na shiga rumbun Internet Archive, wanda tun 1996 yake adana hotunan shafuka, na yi sa'a na tarar ya ɗauki rubutun hirar. Muryar kuwa bai ɗauka ba. Daga baya na gane cewa abin da ya same ni ruwan dare ne. Cibiyar bincike ta Pew ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin yanar gizo, tun 1998 ya rubuta ɗan gajeren gargaɗi cewa adireshi ba ya canzawa da kansa, mutane ne ke canza shi, don haka a zaɓe shi da niyyar ya daɗe. Sanin haka bai rage mini kunyar kiran saurayin nan in gaya masa ba.

Na tafi ƙauyen da kaina, don irin wannan magana ba ta waya ba ce. A hanyar dawowa na tsaya a Argungu, na bi ta gaban gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942 kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958. A nan wani tunani ya zo mini wanda ban rabu da shi ba har yau, wato cewa mu Kabawa mun fi kowa sanin abin da ake nufi da suna ya rabu da mazauninsa.

Baƙon da ya zo Birnin Kebbi neman Sarkin Kabi ba zai same shi ba. Sarkin Gwandu zai tarar. Sarkin Kabi yana Argungu, tafiyar kusan awa guda. Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a ƙarni na 16, Surame ce babban birninta. A farkon ƙarni na 18 aka taso da fada zuwa Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, gidan sarautar ya fita, ya yi ta gwagwarmaya har ya kafu a Argungu, inda Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849. Gabar da ke tsakanin Argungu da Sakkwato ba ta kwanta sosai ba sai da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara a 1934, ziyarar da aka shirya wa kamun kifin da ya zama bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Fada ta tashi sau biyu, suna ya bi ta, birnin da ke ɗauke da sunan kuma ya koma hannun wasu. Duk da haka babu baƙon da ke ɓata, domin duk ɗan acaɓan da ka tambaya a tasha zai ce maka, ai Argungu za ka.

A intanet ma akwai wannan ɗan acaɓan. Lambarsa 301. Layi ne guda da ake rubutawa a tsohon adireshi, wanda ke gaya wa duk mai zuwa cewa an tashi an koma wuri kaza dindindin, kuma ya miƙa shi can kafin ya ankara. Ba ya cin kuɗi. Sharaɗinsa ɗaya ne, a samu wanda ke riƙe da tsohon wurin. A Birnin Kebbi akwai mutane, don haka akwai mai kwatance. A Surame, wadda kangonta ke cikin Jihar Sakkwato a yau, ganuwar dutse ce kawai ta rage, ba ka da wanda za ka tambaya. Sashen Hausa na tsohuwar jaridata Surame ya zama. Akwai ma abin da ya fi wannan rikitarwa, wato wani ya ɗauki sunan da ka bari. Mutanen Suleja sun san wannan, su da garinsu ne Abuja kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan.

Da wannan nauyi na shiga gardama da abokina, kuma adalci ne in faɗi hujjarsa yadda ya faɗe ta, domin ba ta da rauni. Ya ce labaran manoma ba sa biyan albashi. Kuɗin da za su riƙe mu shekara biyun farko daga ƙungiyoyin da ke tallafa wa aikin jarida za su fito, kuma jami'in da zai duba takardarmu a Abuja ko Legas ba zai ba shafinmu fiye da rabin minti ba. In ya buɗe ya ga harshen da ba ya ji, ya rufe ke nan. Ya ce masu talla ma haka. Ya tuna mini cewa shi aikin rediyo mai albashi ya ajiye ya biyo ni, da 'ya'ya uku. Ya ce na mayar da adireshi siyasa. Sannan, don ya faranta mini, ya kawo shawarar a yanka wa Hausa sashe a gefe, in riƙe makullinsa ni kaɗai, in tsara shi yadda nake so. Na ce masa, "Abokina, a irin wannan sashen na binne shekara huɗu."

Hujjata ta farko ita ce masu karatu. Waɗanda muke rubutu dominsu manoma ne, da masunta, da malaman gona, da dillalan shanshera da ke kai kaya injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi. Kuma kogin bai san iyaka ba. Ta Kamba ana shiga Nijar, mutanen Gaya da Dosso suna cin kasuwanninmu muna cin nasu, kuma mai ilimin boko a can Faransanci ya karanta. Hausa ce kaɗai za ta haɗa mu da shi. Hujja ta biyu ita ce baki. Yawancin mutanenmu a rediyo ko a majalisa za su fara jin sunan shafin, kuma abin da kunne ya riƙe shi hannu zai rubuta. Gwada faɗin adireshi mai kara da ɗigo uku a rediyo ka ji yadda yake fita. BBC ta san wannan: abin da masu gabatarwa ke faɗi shi ne bbchausa.com, in ka rubuta shi sai ya miƙa ka bbc.com/hausa. Suna ɗaya na baki, ɗaya na na'ura. Mu ba mu da ƙarfin riƙe biyu, don haka sunan da za a faɗa ya kamata ya buɗe da harshen wanda ya ji shi. Hujja ta uku ita ce wadda ta fi damuna, ko da yake ita ce mafi sauƙi: abin da ke zaure ba a manta shi ranar tashi.

Ya kama ni a wuri ɗaya. Ya ce mutum nawa ne ke rubuta adireshi da hannu a yau? Ta WhatsApp da Facebook za su zo, su latsa, su karanta, su fita, ba su ko ga zauren ba. Gaskiyarsa ce, kuma na amsa. Sai ya zarce, ya ce to me zai hana mu zauna a Facebook ɗin gaba ɗaya mu huta da haya? A nan Injiniya ne ya ba shi amsa. Ya tuna masa yadda aka toshe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022, da yadda Facebook da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida a ranar 4 ga Oktoban 2021. Ya ce rumfar kasuwa wurin ciniki ce, ba a ajiye takardun gado a cikinta.

Injiniya ɗin ne kuma ya warware mana, bayan ya gaji da mu. Hausa ta zauna a zaure, wanda ya rubuta sunan gidan ita zai tarar. Ingilishi ya samu ɗaki a cikin gida, sunan gidan sai kara sai en, a kan saba ɗaya da manhaja ɗaya, yadda ba za a iya tashi da ɗaya a bar ɗaya ba. A saman kowane shafi akwai maɓallin sauya harshe. Duk takardar da za mu aika Abuja, adireshin ɗakin Ingilishi za mu rubuta a kai, jami'in ya faɗa kai tsaye inda zai fahimta. Da ya gama bayani na ga abin ya yi sauƙin da har ya ba ni haushi, mako uku a kan abin da bai fi wannan ba.

Sauran shawarwarin ƙanana ne, amma kowacce daga wani tabo ta fito. Mun ɗauki suna mai ƙarewa da ng don a biya da naira. Wanda ya ga dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ya kuma tuna lokacin da bankuna suka hana katin naira biyan kuɗi a waje, ba zai so sunan gidansa ya rataya a kan dala ba. Mun yi rajistar da sunan kamfani, da imel ɗin da mu uku muke da makullinsa, mun biya hayar shekaru gaba. Mun hana sa sunan sashe a adireshin labari, don in gobe mun haɗe "noma" da "kasuwa" kada tsofaffin adireshi su mutu. Kowane ƙarshen wata ana kwafe komai, rubutu da hoto da murya, a kan faifai biyu. Ɗaya yana ofis, ɗaya yana Argungu a cikin adakar mahaifiyata, tare da zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla.

Wurin da na sha kaye shi ne haruffa masu lanƙwasa. Na so a ce adireshin labaranmu ya fito da ƙ da ɗ da ɓ yadda ƙa'ida ta tanada. Injiniya ya ce in gwada kwafe ɗaya in tura masa. Da ya isa wayarsa, harafin ƙ ya rikiɗe ya zama %C6%99, ɗ ya zama %C9%97, adireshin ya yi tsawo ya yi kama da saƙon 'yan damfara, irin wanda ba mai hankalin da zai latsa. Tsarin adireshi an gina shi ne a kan haruffan Ingilishi, duk wani harafi da ba ya cikinsu sai an fassara shi zuwa lambobi. Dole na haƙura. A cikin labari muna rubuta Hausa da lanƙwasarta cif, a adireshi kuwa muna sauke ta. Don haka labarin da kansa ke cewa ruwa ya ƙare a wata fadama, adireshinsa "ruwa-ya-kare" yake cewa, mai karatu ya zaɓa ko kariya ruwan ya yi ko kuwa dabbar ake nufi. Har yau in na gani sai na ji wani iri.

Takardar neman tallafi ta farko da muka aika ba a amsa mana ba. Abokina ya yi imani zauren ne ya jawo, kuma yakan faɗa duk ranar da man janareto ya ƙare. Ni kuma nakan ce masa ai adireshin ɗakin Ingilishi muka ba su. Muna nan tare.

Abin da muka fara ɗorawa a shafin shi ne rubutun hirar tsohon nan, wanda na tsamo daga rumbun. Na buga shi a takarda na kai wa ɗansa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, sannan ya ce shi karatun allo ya yi, bokonsa bai kai nan ba, in karanta masa. Muka zauna a bakin ruwa, 'ya'yansa biyu suna jingine da shi, na karanta tun daga farko da muryata, wadda ba ta yi kama da ta mahaifinsa ko kaɗan ba. Da na zo wurin da tsohon ke lissafa gurabe sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce na uku ɗin ba haka sunansa yake ba, kunnena ne ya ji ba daidai ba tun ranar. Ya maimaita mini sau biyu, na rubuta a bayan takardar. Da na samu sabis a kan hanyar Birnin Kebbi na tsaya a gefen titi na gyara shi a shafin.